Yadda Darakta Ya Kawo wa Zomaye Iska

Ba kowane gida Allah yake yi wa baiwa da mutum irin Darakta ba. Wani gidan rijiya ya samu, wani bishiyar inuwa, wannan kuwa ya samu bawan Allahn da ko ƙwan fitila ba a ɗaurawa a gabansa sai ya yi jawabi. Masu hassada suna cewa bai taɓa zama darakta ba, wai riƙon ƙwarya ya yi lokacin da mai kujerar ya tafi jinyar basir. To, sai me? Wanda ya taɓa ɗanɗana kujera mai juyawa ai ya yi bankwana da benci. Mai kujera ya warke ya karɓi abinsa, mutuminmu ya yi ritaya, amma sunan ya ƙi sauka. A gaban idonsa Darakta ake ce masa. A bayan idonsa, Mai Almakashi.

Shi ma wannan sunan da guminsa ya same shi. A duk shekarunsa na aiki bai gina komai ba, bai gyara komai ba, amma wajen buɗewa babu na biyunsa. Ya buɗe famfon da bai taɓa ɗigo ba. Ya buɗe ɗakin karatu kafin a sayo littafi. Ya buɗe banɗakin ma'aikata da jawabi mai ratsa zuciya, sannan ya kulle shi ya jefa mabuɗin a aljihu don kada jahilai su ɓata shi. Ranar da ya bar ofis ya taho da almakashin yanke zare a cikin ɗan akwati mai shimfiɗar jan ƙyalle. Tun daga ranar duniya ta yi masa rowa. Kullum yana baranda, hula a karkace, yana kallon layi, babu mai kawo masa abin buɗewa. Har sabon firjin matarsa ya nemi ya ƙaddamar. Inna, matar tasa, ta ce in ya kusanci firjin nan da almakashi, da shi za ta rage masa gashin baki.

Sai Allah ya kawo Digiri.

Digiri ɗan ƙanwarsa ne, siriri, mai yawan firgita, wanda ko wayarsa ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi. Ya gama jami'a ya zo gidan kawunsa jiran aiki, domin Kawu ya shaida wa ƙanwarsa cewa magana ɗaya zai yi a ba yaron ofis. Maganar ɗayan tana nan tana nuna, ba ta faɗo ba tukuna. Da zama ya yi tsawo, sai Digiri ya fara kiwon zomaye a wani tsohon sito da ke bayan gida, kusa da igiyar shanya. Ginin bulo ne, rufin kwano, ƙofar kwano, da 'yar taga can sama wadda ko kan mage ba zai shige ba. Zomayen ba su da yawa, amma su kaɗai ne a duniya suke miƙewa tsaye in ya shigo. Cikinsu akwai wata farar zomanya mai baƙin kunne. Ita ce ta fara ɗaukar ciki, kuma a kanta ya ɗora duk abin da ya rage masa na fata.

Ana nan zafi ya sauka. Zomo ba ya gumi, ba ya kuka, ba ya kai ƙara. In zafi ya kama shi sai ya miƙe a ƙasa, kunnuwa su yi ja, hanci na rawa, yana ta haki, in ba a yi sa'a ba shi ke nan. Kullum rana ta take, Digiri yakan buɗe ƙofar kwanon ya tokare ta da dutse, ya zauna a bakinta yana gadi, saboda magen maƙwabta ta daɗe tana yi wa wurin kallon kasuwa. Da ya gaji da gadi sai ya sayo katako da ragar waya da hinji da sakata. Ƙofar raga zai yi: iska ta shiga, mage ta tsaya a waje. Aikin yini guda ne ga wanda aka bari.

Kuskurensa ɗaya, ya ja zarto a inda Darakta zai ji.

Darakta ya zagayo bayan gida, hannu biyu a baya, ya dubi katako, ya dubi raga, ya dubi yaro. Idonsa ya kawo haske. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

"Ɗana," ya ce, "abin da ya kashe ƙasashe da yawa ke nan: a ɗauki guduma kafin a ɗauki shawara. Wannan da kake gani ba ƙofa ba ce. Shiri ne na samar da iska ga ƙananan dabbobi. Na jagoranci irinsa da ya fi shi girma tun uwarka tana wasan 'yar tsana. Daga yau na karɓi ragamar aikin. Kada ka gode mini, haƙƙin zumunci ne."

Digiri bai yi niyyar godiya ba, amma ya gode. Wanda ke kwana a ɗakin kawunsa, yake cin abincin kawunsa, yake jiran maganar kawunsa, da wane bakin zai ce a'a?

Nan take aka kafa kwamiti. Darakta ne shugaba, Darakta ne mai ba shugaba shawara, Digiri memba ne marar ƙuri'a. An yi wa Inna tayin kujerar harkokin mata, ta ce tana da wanki. Aka fito wa shugaba da kujera da lema, ya zauna yana duba aiki. Digiri ya auna bakin ƙofa, ya yanke katako, ya haɗa kusurwa huɗu, ya gicciya wani a tsakiya don kada ƙofar ta sunkuya, ya ja raga ya bi ta da ƙananan ƙusoshi, ya lanƙwashe bakin wayar ciki don kada ta yanki ƙafar zomo. Duk ƙusar da ta shiga daidai, Darakta yakan gyaɗa kai ya ce, "Ka gani? Shugabanci." Duk wadda ta lanƙwashe kuma, "Ga abin da jami'o'in yanzu suke yayewa." Sau ɗaya ya karɓi gudumar don ya nuna yadda ake yi, ya nuna a kan babban yatsansa. Sauran aikin da yatsa a naɗe ya jagorance shi, kamar sojan da ya dawo daga fagen fama.

Da la'asar aka cire tsohuwar ƙofa, aka ɗaura sabuwa. Wata 'yar iska ta bi ta raga ta shiga. Zomayen suka ɗaga kunnuwa. Mai baƙin kunne ta jawo cikinta ta zo ta kwanta a jikin ragar, ta lumshe ido. Digiri ya tsuguna yana kallonta, ya ji wani ƙulli da ya daɗe a ƙirjinsa ya fara warwarewa.

"Wa ya ba iskar nan izinin shiga?"

Digiri ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya waiwaya sai dariyar ta maƙale.

"Ba a amfani da aiki kafin a ƙaddamar da shi," in ji Darakta. "Wannan ita ce ƙa'ida ta farko a mulki. In iska ta riga babban baƙo shiga, to me zai zo ya buɗe? Kuma in kowane mai wucewa ya leƙo ya gani, me za a yaye a yi tafi? Ɗauko mini tampol ɗin mota."

Motar ta daɗe da zama tarihi, amma tampol ɗinta yana nan, baƙi, mai kauri, mai warin tsohon mai. Aka lulluɓe ƙofar raga da shi daga sama har ƙasa. Aka sa kwaɗo. Mabuɗi ya tafi inda mabuɗai suka saba tafiya, aljihun Darakta. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Da ƙofar kwano, ko ba komai akwai dutse.

"Kawu, za su mutu," in ji Digiri. "Mai cikin nan ba za ta jure ba."

"Zomo ne fa, ba jariri ba. Kakanninsu a rami suke kwana, wa ya sa musu fanka? Kuma ka buɗe kunnenka. Babban baƙon nan Ciyaman ne, shugaban masu gidajen layin nan, mutumin da ƙaninsa ke ɗaukar ma'aikata. A ranar zan kama hannunka in sa a nasa. Ka fi son aiki ko ka fi son iska?"

Digiri ya bar tampol a inda yake. Abin nan har yanzu yana cinsa.

Ciyaman kuwa babban mutum ne, babban mutum kuma ba ya zuwa ranar da aka kira shi. Ya yi tafiya. Ya dawo da mura. Ya warke, sai surukinsa ya kwanta. Rana dai ba ta ɗaga komai ba, kullum tana zuwa a kan lokaci ta zauna a kan kwanon nan. Safe da yamma Darakta yakan zo da kansa ya buɗe kwaɗo, ya ɗage gefen tampol kaɗan, ya tsaya yana waige-waige kamar mai fasa-ƙwauri, Digiri ya kutsa ya zuba ganye da dusa, ya canza ruwa, ya fito jiƙe sharkaf. Tsakanin nan yakan hau tsani ya watsa wa rufin ruwa, ruwan ya yi cuu ya tashi. Ya cika robobi ya sa a firjin Inna su daskare, ya jera musu su jingina. Da Darakta ya nemi ruwan sanyi ya rasa, ya kafa doka: kayan gwamnatin gida ba na dabbobi ba ne.

Wata rana da Darakta ya fita wajen mai rubutun allo, Digiri ya sa sanda ya ɗage tampol ɗin. Bai san Darakta ya manta tabarau ba. Sai ga Darakta ya dawo ya tarar da aikinsa tsirara, kowa na iya gani.

"Zagon ƙasa!" ya ce. "A cikin gidana! Daga cikin kwamitina!"

A ranar aka bi gefen tampol da sandunan katako aka kafe, aka bar wata 'yar kafa da mutum zai sunkuya ya shiga.

Inna ta tare shi a bakin kicin, ludayi a hannu. "Kai dai wallahi Allah ya shirye ka. Ɗan mutane ya rame kamar tsinken tsintsiya, kai kana nan kana gasa masa zomaye da ransu. In gashi kake so ka faɗa, in kawo gishiri."

"Mata ba su san tsari ba," in ji Darakta, ya wuce ɗaki ya ci gaba da haddar jawabi a gaban madubi.

A ƙarshe Ciyaman ya sa rana, ya ce da hantsi. Da yammacin jajibiri Digiri ya shiga ba da abinci ya tarar mai baƙin kunne tana tsigar gashin ƙirjinta tana tarawa a lungu, tana yi tana haki. Haihuwa ta zo ke nan. Ya fito ya durƙusa har ƙasa.

"Kawu, don girman Allah, yau kaɗai. A ɗage mata."

"Mun yi haƙurin tafiya, sai a bakin gari za mu zauna? Gobe da hantsi iska za ta shiga a hukumance."

Gari ya waye babu ko motsin ganye. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba. An kafe allo a saman ƙofar, sunan Darakta da manyan baƙaƙe, kalmar zomaye can ƙasa sai an matso. Aka ɗaura jan zare daga bango zuwa bango. Aka kwantar da almakashi da mabuɗi a kan faranti, aka ɗora a tebur. Digiri ya zo da ganyen safe, Darakta ya tare shi da hannu: an riga an ɗaura zare, ba mai ƙetare shi sai babban baƙo. Ya sa shi ya je ya saka riga mai dogon hannu da taye, saboda ƙanin Ciyaman ba ya son sakarci.

Maƙwabta suka zo, domin an ce akwai lemo. Mai hoto ya zo. Hantsi ya zo ya wuce. Inuwar katanga ta janye ta shige ƙarƙashin katanga. Baƙi suna fifita da hula, lemo ya yi ɗumi. Digiri yana tsaye a rana kusa da zaren, taye ya shaƙe shi, kunnensa na wajen tampol. Yana jin ƙarar farce a jikin raga, kar-kar-kar, a tsaya, a sake.

Ciyaman ya iso rana na tsakar ka, ya ba da haƙuri da hannu ɗaya, ya zauna. Darakta ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, manyan baƙi, 'yan'uwa maza da mata. Tun fil azal ɗan Adam yake neman iska. Masana sun tabbatar babu al'ummar da ta ci gaba ba tare da numfashi ba. Lokacin da na karɓi wannan aiki, na tarar da zomayen gidan nan cikin wani hali na ban tausayi. Babu tsari. Babu hangen nesa. Dutse ake tokare ƙofa da shi, jama'a, dutse! A wannan ƙarni! Wasu sun ce ba zai yiwu ba. Wasu sun yi mini zagon ƙasa, ba zan kama suna ba, suna nan sanye da taye. Na zubar da jinina a kan aikin nan, ga yatsan nan shaida. Amma kafin in shiga tarihin ƙofar, ya kamata in ɗan taɓo tarihina."

Ya taɓo. Ya fara daga firamare.

Yana cikin shekararsa ta biyu a ofis, Digiri ya lura ƙarar farcen ta daina. Ya jira a sake. Ba a sake ba. Ya dubi Ciyaman, wanda hannunsa ke riƙe da aikin da ake ta jira, yana gyangyaɗi. Ya dubi farantin. Bai san lokacin da ƙafafunsa suka kai shi tebur ba. Ya fizgi mabuɗin, almakashi ya faɗi ƙasa, ya bi ta kan jan zaren ya tsinke shi da ƙirji, ya kama tampol da hannu biyu ya ja har sandunan suka ɓalle. Da ƙyar mabuɗin ya sami ramin kwaɗo.

Zafin da ya fito daga ɗakin sai da na kujerar gaba suka kau da fuska. Zomayen suna warwatse a ƙasa, baki a buɗe. Mai baƙin kunne tana kwance a jikin ragar, hancinta a cuse cikin wayar, daidai inda iska ta taɓa samunta. Ya ɗauke ta. Jikinta da zafi, cikinta da nauyi, amma babu kowa a ciki da ke motsi.

Inna ce ta fara zuwa. Ta jiƙa zani a bokiti, ta kwashe masu sauran numfashi a kwandon wanki ta yi banɗaki da su, ta shimfiɗa su a kan siminti mai sanyi. Digiri ya zauna a ƙasa a gefen igiyar shanya, zomanya a cinyarsa, taye a kafaɗa. Wata maƙwabciya ta ce, "Allah sarki." Wani ya ajiye lemonsa.

Darakta ma ya girgiza, kada a zalunce shi. Fuskarsa ta yi fari. Ya dubi abin da ya faru da idon mutumin da aka yi wa babban rashi.

"Ya tsinka zaren," ya ce. "A gaban Ciyaman. Da ƙirji."

Amma gogaggen ma'aikaci ba ya barin ƙaramin tsautsayi ya ɓata taro. Ya sa aka ɗago tampol aka rataya, aka ƙulla zaren a inda ya tsinke, aka goge almakashi da bakin riga. Aka tashi Ciyaman, ya yanka. Darakta ya ja tampol ya faɗi, mai hoto ya ɗauka, mutum biyu suka yi tafi. Ciyaman ya sunkuya ya leƙa ta cikin raga, ya daɗe yana dubawa.

"Ƙofa ta yi kyau," ya ce. "Ina zomayen?"

"Ranka ya daɗe, wannan kashi na biyu ne na shirin."

Ba a kama hannun kowa an sa a na kowa ba. Darakta ya ce yaron da ba ya girmama zare ba zai girmama ofis ba. Kafin mako ya zagayo Digiri ya haɗa jakarsa, ya sa zomayen da suka rayu a kwali mai huji, ya koma wurin uwarsa. Har yanzu in ya wuce motar da aka lulluɓe sai ya ji numfashinsa ya ɗauke.

Ƙofar tana nan, kuma tana aiki. Iska na shiga ta zagaya ɗakin ta fito yadda ta ga dama. Duk baƙon da ya zo gidan, kafin a ba shi ruwa sai Darakta ya zagaya da shi baya, ya sa shi ya kara fuska a jikin raga ya ji sanyi. Sannan ya gyara hula ya sanar da shi cewa tun ranar da aka ƙaddamar da ƙofar nan, ko zomo ɗaya bai sake mutuwa da zafi a ɗakin ba.

Kuma ko maƙiyinsa bai isa ya ƙaryata shi ba.